Goma Sha Takwas da Ɗan Fili

Duk wanda ya girma a Stillbrook ya san Ozias Pettengill, kuma duk wanda ya san shi yana da labarin da zai ba ka a kansa, yawanci labarin igiya. Mutumin nan bai taɓa sa wuƙa ya yanke igiyar ɗaurin kaya ba. Sai ya zauna ya kwance ƙullin da farce, mai sayen gishiri yana tsaye yana hamma, ya gama ya naɗe ta a jikin wani dunƙule da yake ajiyewa ƙarƙashin teburin kanti. Dunƙulen nan ya fi kabewar da ta ci gasar manoma girma kafin gashin mai shi ya yi fari, kuma babu wanda ya taɓa ganin an warwari ko taƙi ɗaya daga jikinsa an yi amfani da shi.

An haife shi a 1816, shekarar da ƙanƙara ta zuba a watan Yuni ta kashe masarar kowa. Mahaifiyarsa takan ce shi ya sa ya fito duniya hannu a dunƙule, kuma har ta mutu ba ta ga ya buɗe ba. Yana da shekara goma sha bakwai ya saɓi akwatin kwano a baya ya shiga ƙauyukan kan tudu yana tallan allura da maɓalli da matajin kai. Shekara takwas yana wannan yawo, karnukan jihar Vermont kaf sun san ɗanɗanon wandonsa, sannan ya buɗe kanti daura da coci. Kanti a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Babu abin da ba ya sayarwa: ƙusa, yadi, gishiri, maɗi a ganga, busasshen kifi, taba, maganin tari da na tsutsar doki a kanta ɗaya. Daga baya kananzir ya shigo, komai na kantin ya ɗauki warinsa har da cuku.

Rowa dai ya iya ta, ba a magana. Amma a faɗi gaskiya, yana da wata ɗabi'a da ta sa mutane suka haƙura da shi. Duk abin da ya shigo kantin sai ya ɗauki alli ya rubuta a jikinsa ko mene ne, kuma abin da ya rubuta shi ne gaskiyar abin. Za ka ga gangar kifi an rubuta mata “na bara”. Za ka ga man shanu an rubuta “ya fara juyawa”. Akwai wani bandir na jan yadi da ya shekara goma sha ɗaya ɗauke da “yana zuba a wanki”, ba wanda ya saya, shi kuma bai goge ba. Bai taɓa rubuta ƙarya ba, bai kuma taɓa goge abin da ya rubuta ba. Mutanen garinmu sun fi yarda da allin Ozias a kan wa'azin fasto, fasto ma ya sani.

Matarsa Keziah Farr a kan mataji suka haɗu. Ta shigo ta ga wani na ƙaho, ta ce ya rage mata, ya nuna mata rubutun alli. Ta fita a fusace. Ta dawo mako na gaba ya sake nuna mata, ta ce masa ita ma ta yi makaranta, ba sai ya yi mata nuni da yatsa kamar mai koya wa maraƙi shan ruwa a bokiti ba. A zuwa na uku ta saya a yadda ya rubuta. Wata shida bayan haka aka ɗaura musu aure, gari ya ce ya aure ta ne don matajin ya dawo gida.

Keziah doguwa ce, mai ƙarar murya, ga dariya kamar an kifar da tiren cokula. Idan ita ce a bakin sikeli, takan saƙala babban yatsanta a ƙarƙashin farantin ta ɗan ɗaga shi sama, wato akasin abin da ɓarayin 'yan kasuwa suke yi. Matan gari sun gane, sai su yi ta juya yadi suna taɓe baki har Ozias ya shiga ɗakin ajiya, sannan su ruga wurin sukari. Shi ma ya sani sarai. Abin da yake yi kawai shi ne ya yi tari daga can ciki, ita kuma ta ɗaga murya ta ce, “Mista Pettengill, maganin tari yana kanta ta biyu, sai dai ka saya.” Haka take kiransa har a gaban 'ya'yansu, kamar yadda matan zamaninta suke yi, amma a bakinta sunan yakan fito kamar tana kiran kyanwar da ta sha madara.

Rigimarsu ta kullum ɗaya ce, abincin yamma. Ƙarfe shida ta gama, ta jera a tebur a sama, ta ɗauki sandar tsintsiya ta buga daɓen katako sau uku. Daga ƙasa sai ka ji, “Ina zuwa.” To ba ya zuwa. Akwai ƙullin da bai kwance ba, akwai ƙusar da ta faɗi bayan ganga. Sai wake ya huce, mai ya daskare a kansa, sannan ya hawo yana tambayar me ya sa abinci ba zafi. Shekara arba'in da takwas ana wannan, har daɓen ya lotsa a wurin da sandar take sauka.

'Ya'yansu biyu suka rayu. Lucius, babban, ya tafi yaƙin basasa can Kudu yana da shekara goma sha tara, bai dawo ba. Takarda ce ta zo ta ce an binne shi wani wuri a Virginia tare da wasu da yawa, ba suna, ba alama. Keziah ta yi kukanta kowa ya ji. Ozias kuwa ya buɗe kanti washegari. Amma mutumin da ko gangar ƙusa ba ya iya barinta babu rubutu, a ce ɗansa yana kwance ƙarƙashin ƙasa babu ko harafi ɗaya a kansa, abin ya ci shi a rai fiye da yadda ya iya faɗa. Sai ƙaramar, Philura, wadda ta auri Wendell Strout, mutum mai kirki da baki kamar ƙofar rumbun da ƙugiyarta ta karye.

A hunturun 1876 ne aka yi cinikin da ya sa har yau ake tuna shi. Enoch Dunklee, masassaƙin duwatsun kabari, yana zaune ba aiki, don mutane sun ƙi mutuwa a shekarar. Yana da wani faffaɗan farin dutse da ba wanda yake so, saboda siriri ne, ga wata jijiya mai toka-toka da ta ratsa shi a karkace. Ozias kuma yana da murhun ƙarfe mai gurguwar ƙafa da ya shekara tara a kanti an rubuta masa “yana hayaƙi”. Suka yi musaya, kowa yana ganin ya cuci ɗan'uwansa. Sharaɗin shi ne, duk rubutun da za a sara yanzu yana cikin cinikin, wanda za a ƙara daga baya kuwa aiki ne daban.

Kai, ba a gaya wa Ozias irin wannan magana. Nan take ya zauna ya tattaro duk abin da ɗan Adam zai iya sani game da mutuwarsa tun yana da rai. Dutse ɗaya na mutum biyu, shi a hagu, Keziah a dama. Sunaye cikakku, shekarun haihuwa, har da sunan Lucius a ƙasa da ƙananan haruffa. Sai ya zo kan layin rasuwa ya yi tsaki, don a nan ne asara take. Can ya ɗago kai fuskarsa ta washe. Ko ba a san shekarar ba, ai an san farkonta. Ya sa Enoch ya sara “Ya rasu 18” a nasa gefen, “Ta rasu 18” a nata, a bar ɗan fili na lamba biyu a gaban kowanne. Ya so ma a ƙara ta uku, ya kwana biyu yana tunani tsakanin takwas da tara, ya ga abin ya zama caca, shi kuma dattijon coci ne. Enoch ya sassaƙa hannaye biyu riƙe da juna a tsakiya a matsayin gyara. Ozias ya ce shirme ne, amma tunda kyauta ne a bar shi.

Bai gaya wa Keziah ba. Ranar Lahadi ta fito daga coci da hularta mai gashin tsuntsu, ta waiga maƙabarta, sai ga sunanta fari tas yana ƙyalli a rana, matan ƙungiyar ɗinki suna tsaye suna karantawa. Ta je ta tsaya ta karanta ita ma har ƙasa. Da ta kai kan sunan Lucius ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta share hanci ta juyo.

“Mista Pettengill, wa ya gaya maka za mu mutu a kan lokaci?”

Ya ce mata ta yi tunani mana. Kafin lambar ta canza shi zai kai tamanin da huɗu, kuma a danginsu kaf babu wanda ya taɓa yin almubazzarancin da ya wuce saba'in.

“Ni dai zan cika nawa filin, ba na jin tsoro,” in ji ta. “Kai ne ban yarda da kai ba. Mutumin da bai taɓa zuwa cin abinci da zafinsa ba.”

Daga ranar ta mayar da wurin lambunta. Ta shuka furanni, takan je da almakashi ta gyara ciyawa, wani lokaci ta zauna a kan nata gefen ta ci tuffa. Ta ce tunda an riga an kama mata ɗaki gara ta saba da unguwar.

Ta kuwa cika alkawari. A watan Maris na 1891 sanyi ya shiga ƙirjinta, kwana tara ta yi. A rana ta ƙarshe da la'asar Philura ta buga daɓe da sandar tsintsiya, ba don abinci ba, kuma karo na farko a tarihin gidan Ozias ya hawo a guje, alli a hannu. Keziah ta dube shi ta ce ashe yana da ƙafafu. Ta huta kaɗan, ta kama yatsunsa masu farin alli ta ce kada ya bar ta tana jira kamar yadda ya saba. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da ya saba fitowa.

“Ina zuwa.”

“Na sha ji,” in ji ta. Ita ce maganarta ta ƙarshe.

Enoch ya zo ya sara tara da ɗaya a gefen dama. Philura da mijinta suka dawo saman kanti da zama don kula da tsoho. Shi kuwa ya zauna yana jiran nasa kiran da kwanciyar hankali, don yana da saba'in da biyar, ya riga ya zarce kowa a danginsa, ga shekara tara a gaba, fili isasshe. Sai dai jikin nan nasa da bai taɓa ba shi abin daɗi ba, bai taɓa wahalar da shi da giya ko taba ko hutu ba, ya ƙi lalacewa. Haƙoransa suna nan. Yana ɗaga buhun gishiri. Abokan haihuwarsa suna ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, yana sayar wa iyalansu baƙin yadi, yana raka su maƙabarta, ya saci kallon filinsa ya dawo.

Kantin yana da majalisa, kamar kowane kanti. Tsofaffi biyar ko shida da suke kewaye murhu tun daga faɗuwar ganye har narkewar ƙanƙara, suna tofa ruwan taba a akwatin yashi, suna gyara gwamnati, suna satar biskit daga ganga idan mai kanti ya juya baya. A nan ne, ranar biyu ga Janairun 1899, Wendell yana rataye sabuwar kalandar kamfanin iri, ya ja baya ya dube ta ya ce, “Baba, ka san saura maka shekara ɗaya ko?” Sai wani ya gane, ya shaƙe da biskit ɗin sata, aka yi ta dukan bayansa ana dariya. Kafin azahar labari ya kai injin niƙa, kafin yamma ya haye kogi.

Daga nan kowa ya zama mai ba da shawara. Wani ya ce idan ya kai baɗi a rubuta 18100, ai lissafi ne, bayan casa'in da tara sai ɗari. Wani ya ce a sa 1899 a ƙara 'yar alamar tarawa a gefe. Wendell ya ce a bar filin haka nan, jikoki su ɗauka har yanzu yana ɗakin ajiya. Manoma sukan shigo sayen ƙusa su tambaye shi jiki da wata irin kulawa, idan ya ce lafiya lau su girgiza kai su ce Allah ya sawwaƙe. Malamar makaranta, baiwar Allah, ta zo takanas ta kwantar masa da hankali, ta ce masana sun tabbatar ƙarnin ba zai ƙare ba sai ƙarshen 1900, saboda haka yana da ƙarin shekara guda. Ya ji daɗi har ya ba ta alewa ɗaya. Tana fita ya tsaya ya rubuta shekarar da alli a kan tebur, ya ga da me ta fara, ya yi tsaki. Alewar ta riga ta tafi.

Da bazara ya je wurin Enoch a ɓoye, wai ya zo duba ko murhun yana nan yana hayaƙi. Yana nan yana yi. Suka taka zuwa maƙabarta, Enoch ya durƙusa ya shafa lambar takwas ɗin da babban yatsa. Ya ce shi da kansa ya sara ta, kuma ya sara ta da zurfi don Ozias ya tsaya a kansa yana cewa kada a yi masa aikin ganin ido. Idan aka cike ta da siminti, hunturu biyu zai tofar da shi. Idan kuma aka ce a goge wurin a sake sarawa, to ga jijiyar nan, ta bi ta ƙarƙashin takwas ɗin, ta ratsa hannayen nan biyu, ta fita ta tsakiyar sunan Keziah. Dutsen siriri ne. Bugu uku masu kyau zai rabe gida biyu.

“Ka sayar mini da ruɓaɓɓen dutse,” in ji Ozias.

“Ka ba ni murhun da ya kusa makantar da matata. Kuma jijiyar ba a ɓoye take ba, da ita ka rage ciniki.”

Philura ta kawo maganar da kowane mai hankali zai kawo. A bar wa Mama wannan, a yi wa Baba sabo a gefe idan lokaci ya yi, ita da Wendell za su ɗauki nauyi. Ya hau ta da faɗa, ya ce ba a haife shi don ya bar rabin dutse mai kyau ya tafi a banza ba, aka tashi a kan rowa ce, kowa ya koma dariyarsa. Ba rowa ba ce. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban karnukan ƙauye. Yana ganin gefen hagu zai zauna har abada da baki a buɗe, hannun dutse yana riƙe da hannun wanda bai zo ba, shi kuma yana can gefe ƙarƙashin wani sabon dutse kamar baƙon da ya iso bayan an kwashe kwanuka. Ya ce wa Keziah yana zuwa. Sau dubu nawa ya faɗa bai cika ba, wannan ɗaya ce ta dame shi.

Ba zai yi wa kansa wani abu ba, shi mai tsoron Allah ne. Amma ya daina taya jikinsa kokawa. Ya bar sa rigar sanyi. Ya fara cin kokwamba mai tsamin nan da Philura take jiƙawa, wadda ko aladen gidan yake kauce mata. Ba abin da ya same shi sai ƙarin cin abinci. Sai a watan Nuwamba Allah ya dube shi, zazzaɓi ya kwantar da shi, likita ya fito daga ɗakin yana girgiza kai. Wallahi ranar fuskar tsohon nan kamar an ce masa farashin gishiri ya tashi bayan ya cika rumbu.

Ya sa aka kira mutane ya yi sallama, kuma tunda tafiya zai yi, ya ga babu amfanin barin gaskiya a ɗakin ajiya. Ya gaya wa fasto cewa shekara ashirin yana barci ido buɗe a wa'azinsa, kuma ba shi kaɗai ba. Ya gaya wa 'yan majalisa ya san kowane biskit, ya ambaci wanda ya fi kowa hannu. Ya gaya wa gwauruwar Hatch cewa mijinta marigayi ba don ciwon baya yake sayen maganin nan mai barasa a ciki ba. Ya dubi Wendell ya daɗe, ya ce shi dai Allah ya yi shi, ba a ja da ikon Allah. Sannan ya sa aka hawo da dunƙulen igiya, mutum biyu suka ɗauko, ya danƙa wa Philura da hawaye. Ya rufe ido, ya haɗa hannaye a ƙirji.

Aka jira. Can wajen la'asar ƙamshin waken da ake dafa wa masu zaman jira ya shigo ɗakin. Ido ɗaya ya buɗe. Ya ce a ɗan ɗiba masa ruwan kawai ya jiƙa maƙogwaro kafin ya wuce. Ya sha ruwan, ya ci waken, ya nemi ƙari. Kwana biyar bayan haka yana bayan teburin kanti, fasto yana wucewa ta ɗaya gefen titi, gwauruwar Hatch ta koma sayayya a garin gaba. Dunƙulen igiya ma ya sa an mayar masa wurinsa, ya ce kyautar ta mamaci ce, shi kuma bai mutu ba.

Ranar ƙarshe ta shekara ta faɗo Lahadi. Coci ya cika har da waɗanda ba a gani sai ranar biki, kuma babu mai kallon fasto. Duk tarin da Ozias ya yi sai wuyoyi su juya. Ya zauna a bencinsa ƙyam, ya rera waƙa da ƙarfi, ya fita ba tare da ya waiga maƙabarta ba. Da yamma ya ci abinci kaɗan, ya aske gemu, ya kwanta da wuri sanye da kwat ɗinsa na coci, don kada a wahalar da kowa.

Zakaran Wendell ne ya tashe shi. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, yana jin yunwa, yana jin kunyar yunwar. Ya sauko ya wuce ƙofar kanti bai buɗe ba, abin da bai taɓa yi a ranar Litinin ba tun 1841, ko a lokacin da takardar Lucius ta zo ma. 'Yan majalisa da suka yi sammako da barkwancinsu a baki suka gan shi ya nufi gidan Enoch cikin ƙanƙara har gwiwa, ba wanda ya iya furta nasa.

Ya fito da Enoch daga kan karin kumallo, da guduma da ƙarfen sara. A maƙabarta ya share ƙanƙarar da ke fuskar dutsen da hannun riga, ya zaro alli daga aljihu, ya durƙusa da ƙyar, ya rubuta lamba biyu a cikin filin. Tara da ɗaya.

Enoch ya duba, ya duba gefen dama, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce wannan ai shekarar Keziah ce. Ozias ya ce ya iya karatu. Enoch ya ce shi fa shekara arba'in yana sara wa matattu ƙarya, ya rubuta “mai haƙuri” a kan mutanen da suka karya kujeru a kan matansu, amma bai taɓa kashe mai rai da shekara tara ba, kuma me fasto zai ce.

“Enoch, ka taɓa ganin allina ya yi ƙarya?”

Enoch ya girgiza kai.

“To sara. Abin da ke cikin gangar ke nan. Tun ranar nan kanti kawai nake tsarewa.”

Bai tambayi nawa ne aikin ba, bai nemi ragi ba. Enoch ya ce daga baya wannan ne ya fi tsorata shi, shi ya sa ya durƙusa ya fara. Filin yana nesa da jijiyar, dutsen bai ko tsage ba.

Ana cikin sara wutsiyar tara Philura ta iso, mayafi a karkace, tana haki, don an gaya mata an ga ubanta ya nufi maƙabarta da ƙafarsa. Ta karanta. Ranta ya ɓaci, kuma tana da gaskiya.

“Baba, wato ni shekara tara gawa nake dafa wa abinci? Ni da na bar gidana na dawo?”

Bai yi tunanin wannan ba, shi da yake ganin ya auna komai. Ya kama gefen mayafinta ya gyara mata shi a kafaɗa, a karkace fiye da da.

“Gawar ta gode,” in ji shi. “Ba ta taɓa bar miki saura a kwano ba.”

Ta yi dariya ba ta so ba, dariyar uwarta sak, sai kuma ta koma kuka, ta bar hannunsa a kafaɗarta.

Ya ƙara shekara huɗu a duniya bayan wannan. Gari ya koma kiransa marigayi Pettengill, a gabansa ma, yana amsawa. Baƙi masu yawon karanta duwatsu sukan shigo kanti su tambayi ko shi ɗan mamacin ne, ya ce a'a, shi ne, me za a ba su. Da ya tafi da gaske a 1904 babu abin da ya rage a sara, kuma duk wanda ya san shi ya ce wannan zai fi komai yi masa daɗi.

Amma a safiyar nan, da Enoch ya gama ya tattara kayansa ya wuce, tsohon bai tashi ba. Ya hure garin dutsen daga cikin sababbin lambobin, ya bi su da yatsa, ya goge ragowar allin da yawu. Philura ta kai bakin ƙofar maƙabarta ta juyo, sanyi yana cin ƙafarta, ta ce masa ya taso haka nan, abinci yana kan tebur zai huce.

“Ina zuwa,” in ji shi.

Bai juyo ba da ya faɗa, fuskarsa tana wajen dutsen. Philura ta buɗe baki za ta sake kira, sai ta fasa, ta tsaya a bakin ƙofa tana jiransa.